Furar da Na Kai Ɗakin Gwaji

Abubuwa da yawa na shekarun wahalar fetur sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ba ni amanar ruwan bayan Yaya Balaraba ba.

Wata takwas ke nan ƙafarta tana mutuwa tana farfaɗowa, wani lokaci idonta na hagu ya dushe. A ƙauyenmu, can bayan Ɗanbatta, wasu su ce iska, wasu su ce sammu. Wani likita ne ya ce yana zargin multiple sclerosis, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta ci rigar jijiyoyi. Ya ce sai an ɗebi ruwan da ke zagaye lakar baya, an haɗa da jininta, an kai ɗakin gwaji a Kano. Da aka zare mata allurar ɗibar ruwan daga gadon baya, ko kai ba ta iya ɗagawa. Abin da ta ce mini kawai shi ne, ko me za a yi ba za ta sake yarda da allurar nan ba.

Ni aka zaɓa in kai, don ni ne ɗan boko, makarantarmu kuma tana yajin aiki. (A gida cewa ake, ko tsinke aka ba ni ajiya sai na rubuta masa lamba.) Na karɓi ɗaya daga cikin jajayen kuloli biyu na kayan auren Yaya, na zuba ƙanƙara, na naɗe kwalaben ruwan da na jinin a leda na saka. Na manna filasta a murfi na rubuta: GWAJI, KADA A BUƊE. Sannan na tafi karɓo takardar likita.

Inna kuwa ba ta san a shiga birni hannu rabbana ba. Kafin in dawo ta dama fura a ɗaya kular, in kai wa Gwaggo Tasalla a Kurna. Ta ce ta ɗan gyara mini kulolin. Na ji maganar, na so in tambaya, sai na ga mata cike da ɗakin, na haɗiye.

Da ƙyar aka sami mota. Na sauka Kurna, na miƙa wa Gwaggo kular da ba rubutu, ko zama ban yi ba. Mai rubutun kuwa rungume take a ƙirjina. Ina jin abu yana motsi a ciki, na ce ƙanƙara ce ta fara narkewa, amma na ƙi buɗewa don kada in karya dokar da na kafa da hannuna.

A ɗakin gwajin na tarar da wata Hajiya mai farar riga da ɗalibai uku. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ranar bakina ya buɗe. Na zayyana mata ƙarfe nawa aka ɗebi ruwan, da dalilin haɗa shi da jini. Ta yaba mini, ta sa safar hannu, ta murɗe murfin. Ƙamshin citta da kanumfari ya tashi.

"Malam," in ji ta, "wannan maras lafiyar taku, gero ne a bayanta?"

Ɗaliban suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ni ba dariyarsu ce ta dame ni ba, fuskar Yaya na tuna. Ashe murfin kular fura ne yake yoyo, Inna ta musanya shi da nawa.

Na hau acaɓa zuwa Kurna, duk addu'ar da na sani na yi ta. Na tarar Gwaggo ta buɗe, ta ga jini, ta rufe, ta naɗe kular da jiƙaƙƙen buhu a gindin randa, ta zauna tana gadinta da carbi.

"Na san za ka dawo, likita," ta ce. "Ina furata?"

Furarta na baro a kan teburin Hajiya. Da na koma aka duba kwalaben, aka ce ba su lalace ba. Bayan makonni sakamakon ya fito, ya ƙarfafa zargin likita. Ba labari ne mai daɗi ba, amma ciwon ya sami suna, aka daina yawo da Yaya gidajen masu magani, kuma ba a sake soka mata allurar ba.

Tun daga ranar, a jikin kwano nake rubutu, ba a murfi ba. In kuma Inna ta ce ta gyara mini abu, ko a gaban surukai ne sai na tambaya.