Fuskar Ustaz Shaukat a Ƙarƙashin Teku

Duk gaɓar Bahar Maliya babu mai ƙaunar teku kamar Ustaz Shaukat. Tsabar ƙauna ce ma ta sa bai taɓa yarda ya ɓata ruwanta da ƙafarsa ba. Tun da aka naɗa shi shugaban gandun murjani, halittar nan mai rassa da ke tsiro a ƙarƙashin ruwa, daga kan kujera yake kula da teku, kofin shayi a hannu, hular matuƙan jirgi a ka. A gabansa masunta Basha suke ce masa, wato mai girma. In ya juya baya kuwa, sunansa Kifin Tudu.

Shi ya kafa dokar nan mai zafi: duk wanda ya taɓa murjani, ko da farce ne, a ƙwace jirginsa. Da bakinsa ya karanta ta a kasuwar kifi, ya kuma sake karantawa daga farko saboda masu ɗaukar hoto sun makara.

Abu ɗaya ke damun bawan Allahn nan, kada wata rana a manta da shi. Da zafin ruwa ya kashe murjanin gabas ya bar shi fari fat, masana suka ba da shawarar a nutsar da tubalan siminti ko sabo zai kama a jikinsu. Basha ya ce ya ji, amma shi ba ya ƙaramin aiki. Ya sa aka zuba simintin a siffarsa, hannu a sama, baki a wangame, yana tsakiyar jawabi.

"Kifaye ma," in ji shi ranar da aka zura siffar tasa ruwa, "suna da haƙƙin sanin wanda ya tsaya musu."

Shekaru suka ɗan ja. Sai ga labari gwamna zai kawo ziyara tare da wata masaniyar teku, Dakta Nermin. Basha ya hau jirgin wani matuƙi, Rayyis Garib, jirgi mai gilashi a ƙasa, don ya fara gaisawa da kansa. Ya leƙa, ya goge tabarau, ya sake leƙawa. Babu shi babu alamarsa. Inda ya bar fuskarsa wani dunƙule ne ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, rassa sun tsiro ta kunnuwa, ƙananan kifaye suna shawagi ta hammata. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

"Ya Rayyis, sauka da burushi ka fito mini da fuskata."

"Da gudu ma, ya Basha. Sai dai jirgin nan ke ciyar da 'ya'yana, kuma wani babban mutum ya ce a ƙwace na duk wanda ya taɓa murjani."

"Ai ni ne babban mutumin."

"Shi ya sa nake tsoron dokar, ranka ya daɗe."

Basha ya dubi ruwan, ya dubi takalminsa na fata, ya ce a juya gida.

Ranar ziyara, a jirgin Rayyis Garib, ya so a bi da baƙi ta wani gefe, amma Dakta Nermin ta hango launuka ta ce a tsaya. Ta durƙusa kan gilashin kamar mai neman allura.

"Duk gandun nan ban ga wuri mai rai irin wannan ba," ta ce wa gwamna. "Dubi murjani iri-iri a kan dutse ɗaya. Kada a bari hannu ya taɓa dutsen nan har abada."

Kalmar dutse ce Basha ya kasa haɗiyewa. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Ba dutse ba ne, ya Dakta. Ni ne."

Gwamna ya sunkuya yana neman inda kamannin suke. Daidai nan wani dogon kifi mai kama da maciji ya zuro kai daga wani rami a tsakiyar dunƙulen, ya fito a hankali yana lanƙwasa.

"Wannan ramin fa?" in ji gwamna.

"Bakin Basha ne," in ji Rayyis Garib cikin ladabi.

Gwamna ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ya dafa kafaɗar Basha.

"Na sha zama a jawabanka, Ustaz Shaukat. Yau ne na fara ganin abu mai rai ya fito daga bakin nan."