Ƙofar da Na Faɗaɗa wa 'Ya'yan Maƙwaƙƙwafi

Matso kusa ka ji abin da na aikata da hannuna, shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara.

Nasiru, ɗan ƙanena mai karatun dabbobi a jami'a, ya tare gidanmu a Katuru, don tsuntsun nan maƙwaƙƙwafi ya fafe rami a busasshen reshen ɗunyar tsakar gida ya ƙyanƙyashe. Kullum yana leƙa 'ya'yan da ɗan madubi yana lura da girmansu, da bincike a kansu zai gama makaranta. Ranar da zai je Shinkafi ya ce, "Goggo, ido kawai, kar ki taɓa."

Na ce, "Ni da na goyi ubanka za ka koya wa reno?"

Da rana ta take na ji suna ta kuka. Na kifa turmi na hau, na gan su tsirara, ɗaki ba iska, ga zafin bazara. Tausayi ya kama ni. Na ɗauko gizagon maigidana Malam na faɗaɗa musu ƙofa, har ina yaba aikina.

Kafin la'asar hankaka ya zura kai ya kwashe su. Uwar ta dawo da tsutsa a baki tana ta zagaya reshen.

Da Nasiru ya dawo bai yi faɗa ba. Ya leƙa ramin da madubinsa, sannan ya ce, "Goggo, ƙanƙantar ƙofar ce tsaronsu." Sai da ya ƙara shekara a makaranta.

Har yau jikokina "Goggo Kafinta" suke ce mini. Nakan yi dariya, amma in na ji ƙwanƙwasa a icce sai in shige ɗaki. Kai da ka ji kukan nan, da ka iya zama?