Yadda Za Ka Kai Ƙungiyarku Wasan Ƙarshe Daga Cikin Banɗaki

Kai mai karatu, gyara zama. Idan ka bi abin da zan gaya maka, ba ƙari ba ragi, na yi maka alkawari ƙungiyar unguwarku za ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa, ko da rabin 'yan wasanta da takalmin aro suke buga ƙwallo. Kai kuma za a ba ka kujerar gaba a mota, a riƙa gaishe ka da hannu biyu, alhali ba ka san abin da ake kira satar gida ba. Ni kafinta ne, ban yi boko mai nisa ba, amma da jikina na gwada wannan a kakar da ta wuce. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau bishiya ba zai gan shi ba.

Mataki na 1: Ka fara tsanar ƙwallo tukuna

Mai son ƙwallo ba zai iya wannan aiki ba, domin zai manne a kujera. Ni tun tasowata na ɗauke ta wasan marasa sana'a. Duk wadda ta faɗo ƙofar shagona ƙusa nake ba ta, kuma har gobe ina kan bakana, shago ba fili ba ne. Sai ga shi autan gidana, wanda kowa ke kira Auta, ya zama mai ci wa 'Yan Gareji ƙwallo. 'Yan Gareji kuwa makanikai ne da masu faci da wani malamin makaranta guda, suna can rukunin ƙasa inda ciyawa ba ta fitowa.

Ka fahimci gasar da kyau. Sili-ɗaya-ƙwale ce: aka ci ka, ka tattara takalmanka sai baɗi. Kuma ƙuri'a ba ta san babba ba, takan haɗa mai faci da mai albashin miliyan a fili ɗaya.

Mataki na 2: Bari a ja ka filin da ƙyar

Kada ka je da kanka. Jira sai matarka ta ishe ka. Uwar Auta ta kwana tana mita a kan cewa uban kowa zai je zagayen farko ban da na ɗanta, har na ga zuwan ya fi zaman sauƙi. Na tsaya wurin mai shayi na sha manyan kofuna don in huce, na shiga na zauna ina ɓata rai.

Wasa bai yi nisa ba shayi ya nemi hanya. Na zagaya bayan rumfar 'yan kallo, na shiga banɗaki, ina sa sakata sai na ji kwanon rufi na rawa saboda ihu. Na fito aka ce Auta ya zura. Bayan hutun rabin lokaci na sake zagayawa, kwano ya sake rawa, Auta ne kuma. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

A nan kana bukatar mutum ɗaya mai lura da abin da bai shafe shi ba. Namu shi ne Mai Aski, shugaban magoya baya. Kafin alƙalin wasa ya busa tashi, ya gaya wa rumfa gaba ɗaya cewa raga ba ta motsi sai Baba Kafinta ya zagaya.

Mataki na 3: Musanta da ƙarfi

Ka ɗaure fuska ka ce camfi ne, domin camfin ne. Na tsayar da Mai Aski a bakin titi na wanke shi tas, na ce mutum da furfurarsa ya rasa abin jingina nasara sai marar wani tsoho. Ya sunkuyar da kai har na gama.

"Gaskiya ne Baba, camfi ba kyau," in ji shi. "Madara nawa ake sa maka?"

Sani cewa mutane ba su yarda da mai cewa shi ne. Wanda ke cewa ba shi ba ne, shi suke bi har gida.

Mataki na 4: Yawaita zagayawa

Ga asirin sana'ar, kada ka gaya wa kowa. Ka tashi sau da yawa. Mai yawan jifa ba ya rasa samun tsuntsu, kuma babu mai tuna zuwan da aka yi a banza. Idan ka je ka dawo raga ba ta motsa ba, ka dubi mai shayi ka girgiza kai. Za su taso masa da kansu, su ce ya cika ruwa, ya yi rowar ganye.

Kada ka yi sauri a hanya. Tashi a hankali, ka kaɗe riga, ka gyara hula. Masu tsaron bayan abokan karawa in sun ji rumfa ta ɗauki guɗa babu dalili, waige suke yi. Mai waige kuwa ba ya ganin Auta.

Mataki na 5: Karɓi girma, kada ka rabu da sukudireba

Zagaye na bin zagaye, muna wucewa. Muka fitar da ƙungiyar ma'aikatan wuta, muka fitar da wasu dogaye masu kocin da ke sa kwat cikin rana. Aka saya mini hula mai launin ƙungiya. Direban motarmu ya hana kowa zama gaba, har Koci a baya yake takure da jakar ƙwallaye. Kujerun da aka karya wurin murna kuma duk shagona ake kawo su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na san banɗakunan filayen ƙasar nan fiye da masu share su. Akwai mai ƙofar buhu. Akwai na manyan ƙungiyoyi, mai madubi da famfon da ke zuba da kansa in ka miƙa hannu, har na yi masa sallama a karon farko.

Amma labari yana da ƙafa. Ranar wasan kusa da na ƙarshe, a gidan masu riƙe da kofin, na zagaya na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa, magoya bayansu na tsaye suna dariya, wai mai makullin ya tafi ganin gida. Yaran zamani sun san kwaɗo, ba su san ƙofa ba. Ƙofa tana da gefe biyu. Na zaro sukudireba na kwance ta ta wajen hinji, na shiga, na jingina ta a bayana. Ban gama jinginawa ba kwano ya yi rawa. Na mayar musu da ƙofarsu daidai, har na ɗaure musu wani sukurun da ya saki, don ni ba na barin aiki a karkace.

Mataki na 6: Koyi ganin ƙwallo da kunne

Wannan matakin ba ya da daɗi, amma dole ne. Za a riƙa tare ka a hanya ana cewa ka ga abin da ɗanka ya yi jiya. Ka gyaɗa kai ka ce ai gado ne.

Ba ka gani ba. Ko ɗaya. Mai Aski zai ce da ka ya sa ta, mai shayi ya ce da dunduniya, direba ya rantse ya yanke mutum biyar. In an nuna maka a waya, ba abin da za ka gani sai babban yatsan mai ɗauka da sararin sama. Ni abin da na sani game da ƙwallayen Auta shi ne ƙarar kwano da warin sabulun wanke bene.

Uwar Auta ba ta raga mini ba. Tana miƙo mini abinci ta ce duk faɗin ƙasar nan ni ne uban da ya san sakatar kowane fili amma bai san yadda ɗansa ke gudu ba. Ka yi kamar ba ka ji ba. Ka ce abincin ya yi gishiri.

Mataki na 7: Idan ɗanka ya zo shago, ba shi katako ya riƙe

Ana jibi wasan ƙarshe, da hantsi, Auta ya shigo shagon da tun yana ƙarami yake kewaye shi saboda ƙusa. Ya gaishe ni, ya tsaya yana wasa da guduma. Na ce in ba shi da aiki ya riƙe mini bakin katako. Ina goga yana riƙe, ɓawon katako na zuba a kan takalminsa.

"Baba, jibi ka zauna," ya ce, bai ɗago ba. "Ko cin mu za a yi, ka zauna ka gani."

Na ce tun yaushe ɗa ya fara ba uba umarni, kuma ya riƙe da kyau katakon na rawa. Katakon ba rawa yake ba. Kada ka amsa masa da komai bayan wannan. Dattijo ba ya alkawari a gaban yaro.

Mataki na 8: Ranar wasan ƙarshe, sha duk abin da aka ba ka

Ba a mayar da hannun kyauta baya. Mai shayi ya zo da tukunyarsa a mota. Masu faci suka kawo lemon kwalba. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta ba ni kankana rabi ta tsaya sai da na cinye. Mai Aski kuwa tun safe ya je ya duba banɗakin babban filin, ya zuba makanikai a hanya kamar masu jiran shugaban ƙasa, ya sa mutum biyu gadin ƙofa.

Aka take wasa. Na zauna.

Da farko sun ɗauka dabara ce. Aka tafi hutu babu ci, Mai Aski ya durƙuso ya tambaya ko shayin bai sauka ba. Na ce ya sauka har ya nemi masauki. Ya ce to hanya a buɗe take. Na ce na gode. Aka dawo, abokan karawa suka buga ƙwallo ta daki ƙarfen raga, sai rumfarmu ta ɗauki waƙa da tafi, Baba tashi, Baba tashi. Koci da kansa ya juyo daga bakin fili yana nuna mini hanya da hannu biyu. Sau ɗaya na ɗan ɗaga, ba don su ba, don abin da ke cikina. Sai na ji riga ta riƙe. Uwar Auta ta zauna a kan gefenta, idonta na kan fili kamar ba ita ba.

Ka haɗe gwiwoyi. Ka daina dariya, ka daina tari. Kada ka dubi masu watsa wa 'yan wasa ruwa. Da aka ce an ƙara lokaci na tambayi wane marar imani ne ya ƙirƙiro wannan doka. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ni dai a ranar na roƙi a bar maganar sha.

Ƙarin lokaci ya ƙare canjaras, aka koma bugun fenareti. Suka ci muka ci, suka ɓarar muka ɓarar, har golanmu mai faci ya kaɗe ɗaya da gwiwa. Saura bugu guda, na Auta. Mai Aski ya kama ƙafata yana hawaye, yana cewa ko bakin ƙofa ne in je in tsaya. Na ce ya sake ni kada ya jawo abin da zai dame mu duka.

Auta ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, sannan ya ɗago ya nemi rumfarmu. Na cire hular na ɗaga. Ashe kafin ya buga yakan ɗan karkata kafaɗa ya lumshe ido ɗaya, yadda nake yi in zan duba miƙewar katako. Duk masu ba ni labari babu wanda ya taɓa gaya mini wannan. Ya taho a hankali, gola ya faɗi dama, ƙwallo ta shige kusurwar hagu can sama, raga ta kumbura. Gani ya kori ji.

Mataki na 9: Gudu

Kada ka tsaya murna. Ni na tsaya, shi ya sa makanikai suka cim mini, suka ɗaga ni sama suna cillawa suna cafewa, ina roƙonsu da girman iyayensu su sauke ni. Da ƙafata ta taɓa ƙasa, waɗanda suka gani sun ce yanzu suka san inda Auta ya samo gudu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ina can ciki aka miƙa kofi, kwano ya yi rawa, ban damu ba.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka wurin bin waɗannan matakai, babu hannuna. Idan likita ya yi maka faɗa, kai da shi. Idan aka kama ka da ƙofar mutane a hannu, ban san ka ba, ban ara maka sukudireba ba. Idan ƙungiyarku ta fita tun zagayen farko kana tsugune, ka tuhumi mai shayinku.

Kuma ka sani tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mai Aski ya tara magoya baya sun yanke sabon hukunci, wai ashe sa'ar ba a zagayawa take ba, a sha a riƙe take. Kakar baɗi za a ninka mini shayi, kuma an naɗa Uwar Auta mai kula da gefen riga. Na ce camfi ne. Ya tambayi madara nawa.

Saboda haka kada ka zo shagona da ƙorafi, ina da nawa. Amma in tambaya ce a kan bugun ƙarshe, shigo ka riƙe mini katako. Da ƙafar hagu ya buga, kuma ba wani ne ya gaya mini ba.