Takwarar Inna

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan 'yar Yayana ba, ko da na so in manta, don mutanen gidanmu ba sa yanka rago ba su tuna mini ba. A lokacin ban daɗe da dawowa daga makarantar Midil ta Bauchi ba, an ba ni aji a wata elementare a Azare. Ina da keke, ina da alƙalami a aljihun gaba, kuma a ganina duk ƙasar Katagum babu abin da ya shige mini duhu.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Gadau. Mu Fulanin gida ne, shanu kaɗan, kunya mai yawa. Da matar Yaya ta haifi 'yar fari mace, babu wanda ya kai Inna, mahaifiyarmu, murna. Yayyena mata duk maza suka yi ta haifa, ita kuwa ta daɗe tana jiran takwara. Ba ta taɓa faɗa da baki ba, amma ta ware karsana guda, kowa kuma ya san ta wace ce.

A al'adarmu uban ɗan fari ba ya bari a ga idonsa ranar suna. Babanmu ya rasu, don haka gari na wayewa Yaya ya ja ni bayan rumbu.

"Kai za ka raɗa wa Liman," in ji shi. "Baffa in ya yi raɗa har Itas ana jin sa. Sunan Inna za a sa."

"An gama," na ce, ina gyara hula.

Ya ɗauki sandarsa ya bi shanu daji. Ni kuma na fito ƙofar gida na zauna kusa da dattawa, ina ji da kaina kamar ni na haifi yarinyar. Sai da aka fara raba goro wani tunani ya faɗo mini. Ashe ban san sunan Inna ba.

Kada ku yi saurin yi mini dariya (ko da yake kun makara, an riga ku). Mu 'ya'yanta Inna muke cewa. Maƙwabta suna ce mata Ta Itas, don daga can aka auro ta. Babanmu har ya bar duniya "ke" yake ce mata, in ransa ya yi daɗi ya ce "ke ɗin nan". Ina iya jero sarakunan Ingila a ka, amma matar da ta goya ni ban san abin da aka raɗa mata ba.

Mai hankali da sai ya tashi ya shiga gida ya tambaya. Ni kuwa malamin makaranta ne, yaya za a yi a ji ina tambayar sunan uwata? Sai na zauna na yi aiki da ƙwaƙwalwa. Na ce wa kaina, sunan uwa ai shi ne wanda ba a faɗa a gida. Nan take na tuna wata rana ina yaro, wata mai tallan nono ta wuce, na ƙwala mata kira, "Rabi!" Kafin in rufe baki Inna ta kwaɗa mini ludayi, ta ce kada ta sake jin sunan nan a bakina a gidan nan. Shi ke nan, na ce, lissafi ya fita. Har na ji tausayin waɗanda ba su yi boko ba.

Liman ya miƙo kunne, na raɗa masa, "Rabi'atu."

Ya janye kai ya dube ni. "Ka tabbata, Malam?"

"Allah gafarta Malam, ai Inna ta daɗe tana jiran wannan rana."

"To, madalla da wannan baiwar Allah," in ji shi.

Aka yi addu'a, aka shafa, aka kwantar da rago. Sanƙira ya buɗe murya ya sanar da gari cewa yarinya ta ci suna Rabi'atu. Da na tsaya nan da da sauƙi. Amma sai na zaro alli daga aljihu (wane ne yake zuwa suna da alli in ba ni ba?) na rubuta sunan da manyan baƙaƙen boko a ƙyauren zaure. Har ina yi wa tsofaffi bayanin 'yar ƙugiyar da ke sama, wai in babu ita rubutun bai cika ba.

Ina cikin bayani na lura guɗar da mata suka fara a cikin gida ta tsaya a rabi. Na waiwaya, sai ga Baffa, wan babanmu, yana share hawaye da hannun riga.

"Sunan tsohuwata," yake cewa da muryar nan tasa. "Ta Itas ta bar nata ta sa na tsohuwata. Ashe ta yafe."

A nan ne na gane abin da na yi. Rabi kakarmu ce ta wajen uba, ta rasu tun ba a haife ni ba. Uwar mijin Inna ce, shi ya sa sunan ba ya fita a gidan, kamar yadda kowace mace mai kunya take ɓoye sunan surukarta. Daga baya na ji sauran labarin: tsohuwar ba ta taɓa ɗanɗana miyar Inna ba ta yamutsa fuska ba.

Gyara kuwa babu hanya. Rago ya riga ya mutu, kuma Baffa ya tsaya a bakin zaure ya ba jaririya saniya, yana sa wa Inna albarka yadda har ƙauyen gaba sai da suka ji. Mata suka yi ta shiga suna yaba mata, wai samun mai zuciya irin tata sai an tona. Ita kuma tana amsawa da murmushin da ya tsaya a haƙori.

Da hantsi Yafendo, ƙanwar Inna, ta aika a kira ni ɗaki. Na tarar da matan dangin Inna cike, ita kuma tana gefen gado da jaririya a cinya.

"Malam mai alli," in ji Yafendo, "ba zan sa ka faɗi sunan uwarka ba, na san da kunya. Zan jero sunaye, in na zo kansa ka ɗaga kai."

Ta fara a hankali. Hajara. Saudatu. Aminatu. Na saci kallon Inna ko fuskarta za ta taimake ni, ta kau da kai. Da Yafendo ta ce Maimuna, sai na ji sunan ya yi kama da mutuniyar kirki, na ɗaga kai.

Ɗakin ya kece da dariya, wata tsohuwa har da riƙe ciki. Ashe Yafendo ba ta ma sa sunan a cikin jerin ba.

Inna kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dubi jaririyar ta ce, "Shekara da shekaru ina haɗiye sunan nan don kunya. Yau ɗana ya tono mini shi daga kabari ya ɗora mini a cinya." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta sake kwaɗa mini ludayi da ya fi mini sauƙi, don a ranar na ga yadda ta so abin nan, kuma ni na hana ta.

Yaya ya dawo da yamma ya ji labari. Ya ce, "Me ya hana ka tambaya?" Na ce, "Kai me ya hana ka faɗa?" Dukanmu mun san amsar: kunya.

Tunda Inna ba za ta iya kiran sunan ba, sai ta laƙaba wa yarinyar Tsohuwa. Ta kuwa fanshe haushinta. Yarinya na fara tafiya sai ka ji, "Tsohuwa, miƙo mini tsintsiya. Tsohuwa, ki cinye miyar nan ko ki kwana da yunwa." Tana faɗa tana dariya, kuma babu jikan da ta so kamarta.

Ni kuwa hukuncina shi ne ta hana kowa gaya mini sunan, kuma kunya ta hana ni bi ta bayan fage in tambaya. Haka na zauna har na yi aure, Allah ya ba ni 'yar fari mace. Ranar suna babu wanda ya nemi shawarata. Inna ta aika Itas aka kira ƙaninta, shi ya raɗa wa Liman. Ni ina laɓe a bayan danga, kamar kowane uban ɗan fari, na kasa kunne. A bakin sanƙira na fara jin sunan uwata, tare da dukan mutanen gari, sannan na ji guɗar da ta kai ƙarshe.

Abin da na koya shi ne, kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, amma wanda ya ƙi tambaya sai ya tsufa ana ba da labarinsa. Suna ne mai daɗi ƙwarai, kuma ko kusa bai yi kama da Maimuna ba. Kada ku ce in faɗa muku. Na uwata ne, yanzu kuma na 'yar fari, ba ni da bakin faɗarsa ta ko'ina.