Ƙyamare Goma Sha Biyu, Awo Ɗaya

A Funtuwa akwai wani kafinta, Tanimu, wanda ya yi shekara uku a wani kamfanin kujeru a Kaduna, ya dawo gida da abu biyu: zarton lantarki da raina aikin mutane. Zarton ba irin wanda aka saba gani ba ne. Yana da doguwar sandar ƙarfe da ake shimfiɗawa a kan falanki, shi kuma ya hau ya bi ta ɗoɗar kamar jirgin ƙasa a kan dogo, ba karkata ba waiwaye. Wannan bai ishi Tanimu ba. Sai da ya tattara guntayen katako ya yi sati guda yana ƙwanƙwasa wani abu da ya sa wa suna magwaji: hannuwa biyu na katako, kowanne da ɗan tokari mai noti. Ka ɗaure tokarin sau ɗaya, ka jingina falanki, ka ɗora sandar zarto, to ko guda ɗari za ka yanka, tsawonsu da faɗinsu ɗaya zai fito. Abin yana aiki, wannan kam ba a musu. Sai dai babu wanda ya ba shi falanki ɗari ya yanka, don mutanen unguwa sun fi ƙwazon zuwa kallo a kan kawo aiki.

Ana nan sai ƙanwar mahaifinsa, Gwoggo Asabe, ta kusa gama ginin gidanta mai ɗaki shida da taga goma sha biyu. Ita kuwa Gwoggo Asabe, in ta yabi mai sana'a, dangi kaf shi za su bi har jikoki. In ta dubi aikinka ta ce "Allah ya kyauta," to gara ka fara tunanin noma. Tanimu, wanda a da sai sallah-sallah yake leƙa ta, ya je gaisuwa sau uku a sati guda. A na ukun ta ce ya faɗi abin da ke tafe da shi kafin tabarmarta ta ƙare.

Ya ce, "Gwoggo, ƙyamaren tagogin nan. Ki ba ni kwana biyu kacal."

"Malam Labaran kafinta, da ya saba yi mini aiki, sati uku yake ɗauka."

"Ai Malam Labaran taga-taga yake bi da fensir a kunne, kamar mai ƙidayar jama'a. Zamanin wannan ya wuce. Ni awo ɗaya zan yi, magwaji ya ƙarasa sauran."

Ta ce, "To, ga katako can a zaure. Shi ke nan wanda nake da shi, ba shi da ƙani."

Washegari ya tafi gidan da tef ɗinsa. Ya zaɓi tagar da ke kusa da zaure, ya auna ta sau uku, ya rubuta, ya sake aunawa don kada a ce ya yi garaje. Baba Mudi magini, wanda shi ya ɗora kowane bulo na gidan, yana gefe yana kwaɓa siminti.

"Sauran fa, Injiniya?" in ji shi.

"Baba, ba kai ka gina su duka ba?"

"Ni ne."

"To ai magana ta ƙare."

Baba Mudi ya buɗe baki, sai ya tuna ba a tambaye shi girman tagogin ba, ya mayar da shi ya ci gaba da kwaɓi.

Ranar yanka, shagon Tanimu ya cika har bakin kwalbati. Ya ɗaure tokari, ya jingina falanki, zarto ya yi ƙara ya wuce. Ya ɗauke, ya jingina wani. Kafin la'asar ta kwana na biyu ƙyamare goma sha biyu sun haɗu, ya jera su ɗaya kan ɗaya, ya shafa gefensu da tafin hannu, sumul kamar daga itace ɗaya aka sassaƙo su. Ya kira jama'a su ma su shafa. Wani mai shayi ya shafa har sau biyu, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin gaskiya irin wannan a jikin katako ba. Tanimu ya ce ai kaɗan ma ya gani.

Aka loda a kura aka kai gidan. Gwoggo Asabe ta sa aka ajiye mata kujera a tsakar gida, ta zauna da carbinta, don ta ce ba ta son a ba ta labari.

Ƙyauren farko ya fi tagarsa faɗi da yatsa biyu. Tanimu ya ce wannan tagar ce ke da matsala, a wuce ta. Na biyu ya shiga, har ma ya bar filin da kaza za ta bi ba tare da ta sunkuya ba. Na uku ya shiga ta sama ya ƙi ta ƙasa. Ta ɗakin girki kuwa ta karɓi nata lafiya lau, amma sai da aka kwantar da shi a kaikaice. Daga ta bakwai Tanimu ya daina bayani, gumi ya karɓi aikin. Bai karaya ba dai, don ya bar wa kansa tagar zaure a ƙarshe, wadda ya auna da hannunsa har sau huɗu. Ya ɗaga ƙyaure ya kai mata. Ta ƙi. Ya juya shi. Ta ƙi. Ya danna da kafaɗa, siminti ya ɗan zubo.

"Wannan ai ni na auna ta!"

Baba Mudi ya ce, "Ka auna ta. Bayan tafiyarka na yi mata shafen siminti."

Tanimu ya ajiye ƙyauren a hankali, irin ajiyewar mutumin da ke tsoron abin da zai yi da shi in ya ci gaba da riƙewa.

"Baba, don girman Allah, da me kake awo?"

"Da ido. In mai gida na tsaye, in ƙara da taƙi."

"Taga goma sha biyu, babu biyu da suka zo ɗaya!"

"To me zai sa su zo ɗaya? Ni inda bulo ya ƙare, nan taga take farawa. Bulon nan kuma bugun mutum uku ne, kowa da girman zuciyarsa. Shekara arba'in ina gini, ban taɓa jin iska ta ƙi shiga tagata ba."

Tanimu ya ga nan ba wurin nasara ba ne, sai ya juya wurin mai kujera. Ya tattaro ƙyamaren ya sake jera su a gabanta, ya daidaita gefensu, ya durƙusa.

"Gwoggo, ki shafa da hannunki ki ji. Ko silin gashi babu tsakaninsu. Wallahi ƙyamaren nan ba su da laifi. Gidan ne ba daidai ba."

Gwoggo Asabe ta miƙa hannu ta shafa, daga sama har ƙasa, ta gyaɗa kai irin na wadda ta gamsu.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗana, ƙyamare kam mun samu. Saura mu nemo musu gida."