Yadda Ake Neman Aure da Wilin Mota Huɗu

Ɗan'uwa, idan ka haura sittin, gashin kanka ya fara ƙaura, ga kuma wata baiwar Allah a unguwa da in ka hango ta sai gabanka ya faɗi, to jawo kujera. Ina da hanya, kuma tabbatacciya ce. An gwada ta sau ɗaya a nan Guadalajara, ta ci sau ɗaya, ka ga ɗari bisa ɗari ke nan. Ni aski nake yi, ban taɓa mallakar mota ba, amma shagona yana kallon gidan burodin Baltasar Lomeli, kuma kusan komai a kan idona aka yi.

Baltasar matarsa ta rasu da daɗewa, yana zaune da yayarsa Eufemia, mai tsaron kantin burodin, da baki kamar reza. Wadda yake so kuwa Malama Otilia ce, tsohuwar malamar firamare, matar marigayi Dakta Anselmo likitan haƙori. Kullum safe sai ya ware mata birote, wato dogon burodin garinmu, mafi kyan gashi, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce, "Da zafinsa, Malama." Iyakar zancen ke nan, shekara da shekaru. Mutumin nan kaɗaici ya ishe shi, aurenta yake so, bakinsa ne ya ƙi ba shi haɗin kai.

Mataki na 1: Nemo abin da marigayi ya bari

Kowace bazawara tana da abin da aka bar mata ta tsare. Wata agogo, wata kare. Malama Otilia mota aka bar mata: ja, 'yar Jamus, kujera biyu, rufinta ana cire shi, ta girmi rabin mutanen layinmu. Tana cikin gareji a lulluɓe da bargo, ba ta fita ko'ina.

Abin alfaharin motar wilinta ne. Na alminiyam ne, tsakiyarsa baƙi, da ganye biyar kamar fure, kuma ba ya ƙyalli irin na cokali, wani haske yake yi mai laushi kamar ɓawon ƙwai. Wannan hasken wata siririyar fata ce da ake yi wa ƙarfen a masana'anta da asid da wutar lantarki. In ta tafi, ba a mayar da ita a tsakar gida. Kai dai kada ka san wannan tukuna. Ilimi a wannan matakin cikas ne.

Mataki na 2: Faɗi abin da ba ka sani ba, ka faɗe shi da ƙarfi

Jira ta yi ƙorafi. Wata safiya Malama Otilia ta ce wa Eufemia wilin gaba ya fara fitar da wasu fararen ɗigo-ɗigo, abin yana damunta. Kafin ta rufe baki Baltasar ya leƙo daga ciki, fulawa har gira.

"Wili? Ai wannan aikina ne, Malama."

Eufemia ta juyo ta dube shi tun daga hula har silifa. "Aikin wa? Kai da kekenka ya yi faci ka jingine shi tun zamanin Baba?"

"Yaya, ba komai mutum ke faɗa a gida ba."

"To Allah ya sa mu ji alheri."

Malama Otilia ta yi murmushi, ta ce ya zo da yamma ya duba. Ka lura da kyau: da gaskiya ya faɗa, da har yau yana nan yana cewa da zafinsa. Ƙarya guda ta kai shi har cikin garejinta, aka ba shi kujera da kofi.

Mataki na 3: Kada ka tambayi kowa

Ari jak da sufana, ɗora motar a kan bulo, ɗauko wili ɗaya, kai wa mai faci ya cire maka taya. In ya tambaye ka me za ka yi, ka ce sirrin sana'a ne.

Da Baltasar ya kai wilin bayan gidan burodi ya shafa shi, sai ya ji maiƙo a yatsunsa. Nan fa zuciyarsa ta kwanta. Mai burodi bai san mota ba, amma ya san maiƙo, ya kuma san maganinsa: sodar nan mai ƙuna da yake wanke tanderu da faranti. Ya dama ta da kauri, ya lafta wa wilin, ya tsallako shagona a rage masa saje kafin ta jiƙa.

"Zai yi kyau kuwa?" ya tambaye ni ta cikin madubi.

Na ce, "Abin da ya wanke tanderu, wili ne zai gagare shi?"

Da muka koma, wilin yana kumfa yana huci. Muka watsa masa ruwa. Ɗigon da ake kuka da su sun tafi, gaskiya ne. Hasken ma ya tafi, baƙin fentin ya tafi, abin da ya rage ya yi dabbare-dabbare, nan toka nan baƙi, kamar akuyar ƙauye. Baltasar ya zauna a kan buhun fulawa, ya ɗora hannu a ka.

Eufemia ta leƙo ta ƙofar baya. "Garin gyaran gira an rasa ido. Sai ka je ka faɗa mata."

"In faɗa mata me, Yaya? Abin mijinta ne fa. Ko burodina ba za ta ƙara ci ba."

Mataki na 4: In ɗaya ya lalace, lalata sauran

Wannan shi ne matakin da masu raunin zuciya ke faɗuwa. Saurara da kyau. Wili ɗaya da ya bambanta da 'yan'uwansa, ɓarna ce. Wili huɗu iri ɗaya, salo ne.

Don haka Baltasar ya koma ya ce mata aikin ba ya kyau sai an haɗa su duka. Ta tambaye shi yaya na farkon, ya ce yana hutawa.

"Wili yana hutawa?"

"Kamar kwaɓin fulawa ne, Malama, sai an bar shi ya tashi."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ta saba yi wa yaran da suka ce kare ya cinye musu aikin gida. Sannan ta matsa ta ba shi hanya. Motar marigayi ta kwana a kan bulo huɗu, shi kuma ya shiga aikin sanfefa. Ya goga, ya goga, har yatsunsa suka yi kanta. Dabbaren ya fita, ƙarfen ya shiga ƙyalli irin na sabuwar tukunya, wanda ba shi ake nema ba, amma wa ya tambaye ka? Ganye biyar ɗin nan kuwa, a wili ɗaya ya goge su fiye da kima, har suka fi na sauran siranta.

Mataki na 5: Yi amfani da abin da Allah ya hore maka

Tsakiyar wili na bukatar baƙin fenti, fenti kuma an ce ya fi kamawa in ya ji zafi. Wani zai tsaya neman inda ake gasa fenti. Kai kana da tanderu.

Bayan an kwashe burodin rana, Baltasar ya zura wili biyu ciki, ya fito da su, ya zura biyu. Fentin ya kama, sai dai ya yi ƙuraje nan da can. Washegari kuma duk unguwa ta karya da burodi mai ƙamshin gareji.

"Eufemia, yau da me kuka kwaɓa, da man birki?" in ji wata mai saye.

Wata ta ce, "Ni mijina ya ci biyu, ya ce yana jin kamar ya yi ribas."

Eufemia ba ta kare ƙaninta ba ko kaɗan. "Ku tambayi injiniya, yana ciki. Soyayya ce ta kama tanderu."

Kalmar nan ta fita a gaban mata cike da shago, kuma Malama Otilia tana layin. Ta karɓi burodinta ta shinshina, ta sa a jaka, ta ce, "A gaya masa Lahadi bayan coci nake son kayana."

Mataki na 6: Mayar da kaya da rana tsaka

Zan so in ce maka ka zaɓi lokacin da gari ya yi duhu, amma ita ta zaɓa. Baltasar ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya ɗaura wili huɗu, ya sauke motar daga bulo, ya koma gefe. Ni ina bakin ƙofa, wai na zo karɓar jak.

Malama Otilia ta zagaya motar a hankali. Ta tsaya a wilin gaba, ta dafa bango ta sunkuya, ta shafa shi da yatsa. Idonta ya kawo ruwa. Ba wasa a ciki, abin ya taɓa ta.

"Me ka sa musu?"

A nan tsarina ya ce ka ɗora laifin a kan yanayi. Baltasar ya saki tsarin. "Sodar tanderu, Malama. Ban san komai a kan wili ba. Na ji maiƙo ne na ɗauka datti ne. Na lalata su, kuma ba za su dawo ba."

"Maiƙon nan basilin ne," in ji ta. "Ni nake shafa musu. Haka Anselmo ya bar min doka: kowane wata a shafa basilin, kada rana ta buge ta, kada a fita da ita in da hadari, kada a bi hanyar da ke da tsakuwa. Tun da aka binne shi nake durƙuso a gaban motar nan kamar mai neman gafara, gwiwoyina duk sun ƙare. Yana da rai ma sau nawa ya bar ni na riƙe sitiyarin? Ni da na koyi tuƙi a motar kwasar masara ta babana!"

Ta share ido da bayan hannu, ta ƙara duban wilin, sai dariya ta kuɓuce mata. "Kai, amma sun yi muni. Dubi wannan, kamar murfin tukunya. To, an gama. Babu sauran abin da zan tsare. Cire rufin nan ka shiga."

"Malama, akwai hadari fa."

"Na gani."

Mataki na 7: Riƙe kujera

Sauran labarin daga bakinsa na ji. Ta ɗauki hanyar tafkin Chapala, ta taka totur kamar wadda ake bi, ruwa ya tsuge a kansu, ba ta ko rage ba. Baltasar ya ga tunda dai mutuwa ce, gara ya mutu ya faɗi maganarsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Malama, aurenki nake so!" Ta juyo ta ba shi amsa. Ga ƙarar inji, ga iska, ga ruwa, ko kalma ɗaya bai ji ba. Tsoro kuma ya hana shi cewa ta maimaita. Suka ci soyayyen kifi a bakin tafki, yana ta leƙen fuskarta ko zai karanto wani abu, ita kuwa sai zancen giyar motar ta uku take yi.

Da la'asar muka ji ƙararsu. Ba ta nufi garejinta ba. Ta faka a ƙofar gidan burodi, a titi, cikin taɓo, ta fito gashinta sharkaf, ta wuce Eufemia ta shiga har ciki tana dube-duben bango.

"Yaya," ta ce, "a gidan nan ina ake rataye makulli?"

Eufemia ta ɗaga hannu. Ta nuna mata ƙusa.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Wanda ya bi matakan nan aka raka shi da sufana, ko ya ƙona yatsu, ko ya kashe tanderu, ko ya tarar tasa bazawarar da gaske take son wilinta, ya tuna ni aski nake yi, kuma ban ce kowa ya saurare ni ba. Haka masu zuwa shagona suna ƙorafin gidan burodi ya daina buɗewa ran Lahadi, ku daina. Ku kai kukanku hanyar Chapala, in kuna da motar da za ta kamo su.