Tiren Mis Loreta a Gaban Surukata

Ko da zan manta da komai na zamanmu a Greensboro ta Amurka, ba zan manta da wannan Asabar ɗin ba, ranar da na shirya wa surukata abincin dare don in nuna mata cewa ni uwa ce ta ƙwarai. Na dai nuna mata wani abu, amma ba wanda na yi niyya ba.

Lokacin muna zaune a wani gidan haya a bayan High Point Road, hawa na biyu, ni da Baban Ummi da 'yarmu Ummi, tana aji biyu a firamare. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo daga Kano za ta yi mana wata uku. Tun a satin farko na gane ba hutu kaɗai ya kawo ta ba. Ummi takwararta ce, sunanta aka sa mata, kuma Hajiya ta zo ne da niyyar tafiya da ita gida ta riƙe ta. Ba ta ma ɓoye ba. Ta ce yarinya ana yi mata Hausa tana amsawa da Turanci, an sa mata tuwo tana ture kwano, to me kuma ya rage? Ta ce a gida an gaya mata yaran Amurka har alade suke ci iyayensu ba su sani ba. Baban Ummi kuwa, in dai a gaban Hajiya ne, bakinsa mutuwa yake yi. “Duk yadda kika gani, Hajiya,” iyakar abin da yake iya faɗa ke nan. Ni kuma suruka ce, ba ni da bakin musu. Sai in shiga banɗaki in kunna famfo in yi kukana, in wanke fuska in fito in tambaye ta ko a ƙara mata shayi. Ummi kaɗai Allah ya ba ni, tsoron rabuwa da ita ya hana ni sukuni.

To, akwai maƙwabciyarmu, ƙofarta na kallon tamu, Mis Loreta. Dattijuwa ce baƙar Ba'amurkiya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa. Ita take tarar mini Ummi daga motar makaranta duk ranar da aiki ya riƙe ni, ta ajiye ta a wajenta har in dawo, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Wata Babbar Sallah na zuba mata dafa-duka da soyayyen naman rago na kai mata. Da za ta dawo da kwanon, sai na yi ta surutu ina ba ta labarin cewa mu a wajenmu ba a mayar da kwano fayau (wa ya aike ni, har yau ban sani ba). Matar nan ta riƙe maganar, ta koma da kwanon. Bayan 'yan kwanaki sai ga kwanona cike da nama, an dafa shi ya yi lugub an yayyage shi, kamar dambun nama mai ɗan romo. Ta ce naman alade ne, ƙaninta ne yake gasa shi a McLeansville, ita kuma ta ƙarasa shi yadda marigayi mijinta yake so. Tana faɗa idonta yana kawo ƙwalla.

Ku gaya mini, da wane baki zan ce mata ba ma ci? Ni da aka rene ni a kan cewa ba a mayar da hannun kyauta, ko me aka miƙo maka ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya. Na karɓa. Na yi godiya. Da ta tafi na juye shi a leda, na ƙara wata ledar, na lallaɓa can ƙarshen farfajiya inda babban kwandon shara yake na jefa. Kashegari da ta tambaye ni, na ce ai ba a magana, ko kwana bai yi ba, Ummi har lashe kwano ta yi.

Wannan ƙarin gishirin shi ya ja mini. Daga ranar, duk sanda ƙaninta ya yi gashi, sai ga namu kason. Ni kuma in karɓa, in yaba, in nufi kwandon shara ina waige-waige kamar ɓarauniya. Haka muka yi ta yi wajen shekara biyu. Baban Ummi ya sha ce mini, “Ki gaya wa matar nan gaskiya mana.” Ni kuma in ce gobe. Kullum kunyar goben ta fi ta yau nauyi.

Da maganar tafiya da Ummi ta yi ƙarfi, sai wata dabara ta zo mini. Na ce bari in haɗa abincin da yaran nan suke so, amma da naman halal, in tara dangi, Hajiya ta gani da idonta cewa ana iya zama a Amurka a ci nasu irin abincin ba tare da an taɓa haram ba. Na zaɓi nacos na dankali, wato soyayyen dankali da nama da cuku, wanda Mis Loreta ta sha kwatanta mini yadda take yi. Har na je na sake tambayarta, na gaya mata ina da baƙi ranar Asabar. Ta ce Allah sarki, ta yi ta murna.

Ranar, tun da safe na je shagon halal na sayo kafaɗar sa. Na ɗora shi a wuta kaɗan kaɗan da albasa da tafarnuwa da citta, ya yi ta dahuwa har la'asar, sai da ya zama cokali ma yana raba shi. Na sa cokula masu yatsu biyu na yayyage shi. Na yanka dankalin turawa fale-fale na soya ya yi ƙarau, na shimfiɗa a babban tire, na watsa nama, na barbaɗa cuku, na ƙara wani layin dankali da nama da cuku, na tura a obin har cukun ya narke ya bi ko'ina. Da na fito da shi na yanka tumatir da koren tattasai a kai, na kawo yajin ƙulin da Hajiya ta zo mana da shi na ajiye a gefe. Na tsaya ina kallon tiren nan ina jin kaina (wallahi har na fara tsara yadda zan sunkuyar da kai idan aka fara yabo).

Bayan magariba Yaya Sabo ya iso daga Pleasant Garden. Shi ne wan maigidana, ya daɗe a ƙasar, kuma shi ne tafintan Hajiya a duk inda aka yi Turanci. Mutum ne da ba ya rage magana, abin da aka faɗa shi zai mayar, ko da kuwa zagi ne. Aka shimfiɗa leda a ƙasa aka zauna. Hajiya ta dubi tiren ta ce, “Wannan kuma wane irin kwaɗo ne?” Na ce abincin 'yan nan ne, amma naman sa ne na halal. Ta yi bismilla ta ɗauki ɗaya, cukun yana ja, ta tauna a hankali. Ta sake ɗauka, wannan karon ta dangwali yaji. Ummi na gefenta tana ci hannu baka hannu ƙwarya. Hajiya ta ce, “Ashe dai yarinyar tana cin abinci.” Zuciyata ta yi sanyi, na ce a raina shi ke nan, Ummi ta zauna.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ummi ce ta ruga ta buɗe. Mis Loreta ta shigo da kayanta na zuwa coci, riƙe da ƙaton tire an lulluɓe shi da takardar gwangwani, tana murmushi har kunne. Ta gaida kowa, ta ɗan rusuna wa Hajiya yadda ta ga muna yi. Sannan ta buɗe tiren ta ce da Turanci, “Na san kuna da baƙi, shi ya sa na sa ƙanina ya ware muku mai yawa. Naman aladen nan ne da kuke so. Ba ya kwana a gidan nan, Ummi har lashe kwano take yi.” Ta dubi abin da ke gabanmu ta ƙara da cewa, “Au, ashe ma kin yi da kanki. Kai, ya yi kama da nawa sak.”

Hannun Baban Ummi ya tsaya a tsakanin tire da baki.

“Me take cewa?” in ji Hajiya.

Na dubi Yaya Sabo da ido ina roƙonsa. Bai ko kalle ni ba. Ya mayar mata da maganar tiryan-tiryan, har da lashe kwanon.

Na zaci Hajiya za ta yi salati ta ɗora hannu a ka. Ba ta yi ba, kuma da ta yi ɗin da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye dankalin da ke hannunta, ta ɗauki tsumma ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ina durƙushe ina lissafi. In na ce ƙarya ne, na tozarta matar da take riƙe mini 'ya. In na yi shiru, na tabbatar wa Hajiya duk abin da ta zo da shi a ranta, kuma jirgin da zai mayar da ita Kano da Ummi zai tashi. Na san wanda zan zaɓa, amma Hajiya ta riga ni.

Hajiya ta jawo Ummi jikinta ta ce a hankali, “Takwara, gaya mini gaskiya. Kina cin naman da matar nan take kawowa?”

Ummi ta amsa, kuma kamar kullum, da Turanci ta amsa. Don haka kafin Hajiya ta ji, Mis Loreta ta riga ta ji. “A'a, ban taɓa ci ba. Mama tana zubawa a leda ta kai shara, sai ta ce wa Mis Loreta ya yi daɗi.”

Yaya Sabo yana fassarawa, ni kuwa fuskar Mis Loreta nake kallo. Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa sauka. Ta ce, “Gaskiya ne?” Na ce gaskiya ne. Ta ce, “Duka?” Na ce duka, addininmu ya hana mu ci, na ji kunyar gaya mata ne. Ta ce, “Ai da kin faɗa, da kaza zan riƙa yi muku. Ni na ɗauka na sake samun waɗanda zan dafa wa abinci ne.” Ta mayar da takardar ta rufe tirenta, ta yi wa Hajiya sallama da ladabi, ta fita ta ja mana ƙofa.

Kada ku ɗauka a nan kunyar ta ƙare. Don in wanke kaina, tashi na yi da sabuwar atamfata na shiga kicin na tsunduma hannu cikin kwandon shara, ina ture ɓawon dankali da na albasa, har na zaƙulo ledar shagon halal mai hatimi na kawo gaban Hajiya tana ɗiga. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, “Mayar da ita, ki wanke hannunki.” Babu wanda ya sake taɓa tiren. Cukun ya sandare a kai, haka na ɗauke shi.

Da safe Hajiya ta kira ni. Na zo na durƙusa ina jiran hukunci. Ta ce, “Kafin komai, tashi ki je ki ba matar nan haƙuri. Ba na son jin kin ce gobe.” (Ashe Baban Ummi ya kwashe komai ya gaya mata.) Na je. Mis Loreta ta saurare ni a bakin ƙofa, ba ta ce in shiga ba. Ta ce ta ji, amma in ba ta lokaci. Ranar Litinin ta tari Ummi daga motar makaranta kamar yadda ta saba. Ni ce dai muka daɗe ba mu koma yadda muke ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da na dawo, Hajiya na zaune a kan sallaya. Ta dube ni ta ce, “Abincin da mutum ya wahala a kai, ki kai shi shara shekara biyu, yarinya tana kallo. Allah ya yafe miki.” Na ce amin, hawaye na zuba. Ta ci gaba, “Ni alade na zo nema a gidan nan, ban same shi ba. Abin da na samu, ba a Amurka kika koye shi ba. Mu muka koya miki, a karɓa a yaba ko da rai ba ya so. Da ni ce, wataƙila abin da zan yi ke nan. Ita kuwa takwarata, na tambaye ta a gaban manya ta faɗi gaskiya ba ta ko ƙifta ido ba. In na tafi da ita, wata shida ya isa mu mayar da ita irinki. Ki riƙe 'yarki. Amma ki matsa mata da Hausa, don in ta tashi tona miki asiri nan gaba, in riga baƙi ji.”

Haka Ummi ta zauna. Na so a ce iya girkina ne ya tsayar da ita, ko kyan tarbiyyata. Ina, an bar mini ita ne don kada ta zama kamar ni. Tun daga ranar, duk wanda ya miƙo mini abin da ba na ci, nakan yi godiya in gaya masa gaskiya nan take a bakin ƙofa. Kunyar ba ta wuce minti ɗaya, kuma har yau ban ga wanda ya mutu saboda an ce masa a'a ba.